Shin Suna Linzami Ne?

Tun muna yara muke jin manya suna cewa suna linzami ne. Idan aka ga yaro mai suna Aliyu ba ya tsoron faɗa, sai a ce ai dole, mai sunan ya biyo. Idan aka ga Usman ya cika kunya, ko Umaru ya cika zafin zuciya, nan ma sai a ce sunan ne ya ja su. Haka na taso na tarar ana faɗi, ni ma na riƙa faɗi, ban kuwa taɓa tsayawa na auna maganar ba sai da wani abu ya same ni a shekarata ta farko a jami'a. Abin da ya same ni ɗin, da tunanin da ya jefa ni ciki, su nake so in baje a gaban malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, da fatan inda na yi tuntuɓe za a tashe ni.

Sunana na yanka Abubakar. Sunan kakana ne na wajen uba, wanda ya rasu 'yan watanni kafin a haife ni, saboda haka ba mai kirana da shi a gidanmu. Mahaifina Abba yake ce mini, mahaifiyata kuwa, da yake sunan surukinta ne, ko da wasa ba ta kama shi, sai dai ta ce Mai Sunan Malam. Abokai su ne ke ce mini Garba.

Bayan jarrabawar zangon farko aka liƙa wata takarda a allon sanarwa, ɗauke da sunayen waɗanda aka kama da satar amsa, ana neman su bayyana a gaban kwamiti. Na uku a jerin sunana ne da sunan mahaifina, ko harafi ɗaya bai bambanta ba. Lambar rajista ce kaɗai ta raba mu, ita kuwa wa ya haddace ta in ba mai ita ba? Wani ɗan garinmu ya ɗauki hoton takardar da wayarsa, kafin la'asar labari ya isa gida. Ana idar da sallar magariba sai ga kiran mahaifina. Bai yi mini faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, "Abba, sunan mahaifina na ɗauka na ba ka. Ya riƙe shi sama da shekara 70 a garin nan, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Abin da za ka saka mini da shi ke nan?" Na ce, "Baba, wallahi ba ni ba ne, wani takwarana ne." Ya yi shiru, can ya ce Allah ya sa haka ne. Sai da na aika da hoton katina na makaranta, ƙanena ya gwada masa lambobin biyu ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan hankalinsa ya kwanta. Amma a kasuwar garinmu, har yau akwai waɗanda labarin farko ya kai gare su, na biyun bai kai ba.

Na yi kwanaki ina jin haushin wannan takwara da ban taɓa gani ba. Ina ta faɗi a ɗakin kwananmu cewa zalunci ne a ɗora wa mutum laifin wani don kawai sunansu ya zo ɗaya. Sai wani abokina mai kaifin baki ya tuna mini wani abu. Makonni kaɗan kafin haka, ranar da malaminmu na adabi ya gama yi mana bayani a kan Abubakar Imam, ni ne na fito daga aji ina bugun ƙirji, ina cewa ai mu Abubakar haka muke, duk inda aka je mu ne kan gaba. Abokin nan ya ce, "To, Malam Garba, ranar da kake rabon gadon Imam ban ji ka ce ba abin da ya haɗa ku ba. Mai cin gado ai shi ke biyan bashi. Shekau ma Abubakar ne." Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, amma maganar ta tsaya mini a rai. Ita ta sa na zauna na bi sawun waɗansu daga cikin mashahuran takwarorina, in ga ko linzamin nan da ake faɗi ya ja su hanya ɗaya.

Suna Ɗaya, Hanya Dabam-Dabam

Bari in fara da biyu da duk ɗalibin Hausa ya sani. An haifi Abubakar Imam a Kagara a 1911, aka haifi Abubakar Tafawa Ɓalewa a ƙasar Bauci a 1912. Dukkansu sun yi karatu a Kwalejin Katsina, dukkansu sun fara aiki da koyarwa a makarantar Midil, ɗaya a Katsina ɗaya a Bauci. Da Hukumar Fassara ta Zariya, a ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a 1933, dukkansu sun shiga, Imam da Ruwan Bagaja, Tafawa Ɓalewa da Shaihu Umar. Wanda ya dube su a wannan lokaci zai iya cewa lalle suna linzami ne. Amma daga nan kowa ya kama gabansa. Imam ya zauna wa alƙalami, ya rubuta Magana Jari Ce, ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939, ya rayu har 1981. Tafawa Ɓalewa kuwa siyasa ta ɗauke shi. Shi ne ya miƙe a Majalisar Wakilai ta Arewa a 1950 ya nemi a yi wa mulkin En'e gyara, ya zama Firayim Minista a 1957, ya karɓi 'yancin kan Nijeriya a 1960, sojoji suka kashe shi a juyin mulkin watan Janairu na 1966. Ko a littattafan nasu ma ba su yi kama ba: na Imam cike yake da raha da barkwanci, na Tafawa Ɓalewa kuwa labarin bauta ne da rabuwar uwa da ɗa, wanda in ka gama karanta shi sai jikinka ya yi sanyi.

Ga kuma Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda aka haifa a 1903, ya hau gadon sarautar Sakkwato a 1938, ya zauna a kai shekara 50 cif har rasuwarsa a 1988. A gabansa Turawa suka tafi, a gabansa aka yi yaƙin basasa, gwamnatoci suka zo suka shuɗe, shi kuwa abin da aka fi shaidarsa da shi haƙuri ne da kawaici da ƙarancin magana. A zamaninsa aka yi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962, ya fassara Alƙur'ani mai girma zuwa Hausa, ya karɓi lambar yabo ta Sarki Faisal a 1987, ya rasu a 1992. Shi kam ba a san shi da ɓoye abin da ke ransa ba, tafsirinsa na masallacin Sultan Bello a Kaduna ya tayar da muhawarar da ta daɗe ana yi tsakanin malaman ƙasar nan. Sai kuma wanda duniya ta sani da Abubakar Rimi, gwamnan Kano daga 1979 a jam'iyyar PRP, wanda gwamnatinsa ta soke haraji da jangali, ya kuma yi ta sa-in-sa da sarauta. Watau a zamani guda an sami Abubakar a kan karagar gargajiya, da Abubakar a kan buzun karatu, da Abubakar a kan dandalin siyasa yana jayayya da masu rawani.

Sunan bai tsaya a ƙasar Hausa ba. Barebari suna ce masa Bukar, Fulani su ce Buba, mu kuma mu ce Garba ko Habu. Masu kallon ƙwallo ba za su manta da Vincent Abubakar na Kamaru ba, wanda ya ci ƙwallon da ta ba ƙasarsa kofin Afirka a hannun Masar a 2017, ya kuma zura wa Brazil ɗaya a gasar kofin duniya ta 2022.

Daga nan sai wanda abokina ya jefe ni da shi. Abubakar Shekau ya karɓi jagorancin Boko Haram bayan kashe Muhammadu Yusuf a 2009. A watan Fabrairu na 2014 mutanensa suka auka wa ɗalibai suna barci a kwalejin gwamnatin tarayya ta Buni Yadi suka karkashe su, a watan Afrilu na wannan shekara suka sace 'yan mata 276 daga makarantarsu a Chibok. Ya mutu a dajin Sambisa a 2021. Sunan da aka raɗa wa malaman makaranta biyu da suka rubuta mana littattafan da muke karantawa, shi aka raɗa wa mutumin da ya yi suna wajen ƙona makarantu. An yanka masa rago kamar yadda aka yanka musu, kuma ba na shakkar cewa iyayensa alheri suka nufa da shi ranar da aka yi masa huɗuba.

Daga Ina Darajar Ta Fito?

Duk waɗannan mutane albarkacin mutum ɗaya aka nema musu, watau Sayyidina Abubakar Siddiƙu, Allah ya ƙara masa yarda. Abin da ya ba ni mamaki da na bincika shi ne, sunansa na yanka ma Abdullahi, Abubakar alkunya ce. Kalmar bakar kuwa a Larabci ɗan raƙumi take nufi. Babu gaskiya a cikin ma'anarta, babu kyauta, babu riƙon amana. Mutumin ne ya zuba mata waɗannan. Shi ya gaskata Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a lokacin da gaskatawar ke jawo wa mutum wahala, shi ya sa dukiyarsa ya fanshi bayi irin su Bilal, shi ya zama abokin tafiya a hijirar shekarar 622, shi ya riƙe al'umma daga 632 zuwa 634 lokacin da ƙabilu da yawa suka nemi ɓallewa. Laƙabin Siddiƙu ma ba ranar suna aka ba shi ba, aikinsa ya jawo masa.

A garin Makka na wannan zamani akwai wani mai suna Amru ɗan Hisham, wanda mutanensa ke yi wa laƙabi da Abul Hakam saboda suna ganinsa mai hikima. Yau in ka faɗi wannan suna kaɗan ne za su gane shi, amma ka ce Abu Jahil, ko yaron makarantar allo ya san shi. Takwaransa Amru ɗan Asi kuwa tarihi ya riƙe shi a matsayin sahabin da ya buɗe Masar. Ashe tun asali mutum ne ke yi wa suna ado ko ya shafa masa baƙi.

To, ina maganar manya da na fara da ita? Ina ganin akwai abin da ya kamata mu lura da shi. Idan muka ga Aliyu jarumi mukan tuna da karin maganar, amma Aliyu nawa muka sani waɗanda ko kare ya yi haushi sai sun ruga? Su ba ma lissafa su, shi ya sa maganar ba ta taɓa faɗuwa. Duk da haka ba zan ce manya sun yi kuskure ɗungurungum ba. Yaron da aka zaunar da shi aka ba shi labarin mai sunansa, aka riƙa tuna masa cewa mai wannan suna ba ya ƙarya, yana iya tasowa da kunyar yin ƙarya. Ni kaina maganar mahaifina ta ranar nan ta fi kowace dokar jarrabawa tsorata ni. Sai dai a nan tarbiyya ce ta yi aiki, sunan abin riƙewa ne kawai. Linzami ma in ba hannun mahayi a kansa, doki inda ya ga dama yake nufa.

Wani abin sha'awa kuma, Bahaushen da ya ce suna linzami, shi ne kuma ya ce kama da wane ba ta wane, kuma a aikace wannan ta biyun ya fi bi. Sunayenmu na yanka ba su da yawa, a unguwa ɗaya sai ka sami Garba goma. Saboda haka jama'a sukan sake raɗa wa mutum suna na biyu ba tare da rago ba. Wani a haɗa shi da garinsu, kamar yadda aka yi wa Tafawa Ɓalewa da Gumi da Rimi, waɗanda duk sunayen garuruwa ne. Wani a haɗa shi da sana'arsa, a ce Garba Tela ko Habu Mai Shayi. Wani kuwa halinsa za a bi, a ce Garba Mai Gaskiya, ko a bayan idonsa a ce Garba Ƙarya. Na farko iyaye ke zaɓa maka kana ɗan kwana 7 ba ka san inda kanka yake ba. Na biyun da hannunka kake rubuta shi, kuma shi ne mutane ke ambata a wajen zaman makoki.

Gado Da Bashi

Yanzu sai in koma kan maganar abokina. Da na yi ta juya ta, sai na ga hanya biyu ce kawai a gabana. Ko dai in yarda cewa suna yana haɗa mutane a lada da zunubi, in ci gadon Imam in kuma biya bashin Shekau da na ɓarawon amsa, ko kuwa in yarda cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, in ajiye bashin in kuma ajiye gadon. Abin da na so yi da farko, watau in rungumi na kirki in ce nawa ne, in ture na banza in ce ban san shi ba, son kai ne kurum. Na zaɓi hanya ta biyu, ko da yake ta rage mini abin taƙama. Ban rubuta ko shafi ɗaya na Magana Jari Ce ba, saboda haka ba ni da ikon bugun ƙirji da ita. Iyakar abin da nake da shi shi ne in karanta, in yi koyi, kuma wannan ƙofa a buɗe take ga Musa da Hauwa kamar yadda take a buɗe gare ni.

Dalilin da ya sa nake ganin maganar ta wuce raha tsakanin abokai shi ne, akwai sunaye manya da muke tarayya a cikinsu waɗanda suka fi sunan yanka faɗi. Bahaushe suna ne, Bafillace suna ne, haka Ibo da Bayarabe da Babarbare, haka Musulmi da Kirista, haka ɗan Arewa da ɗan Kudu. Abin da ɗan garinmu ya yi mini da hoton takardar nan, shi muke yi wa juna kullum. Wani ya yi ɓarna a daji, sai mu bi duk mai amsa sunan ƙabilarsa da mugun kallo a kasuwa. Wani ya cuce mu a ciniki, sai mu ce ai su haka suke. Mu kuma in aka yi mana irinta a wani gari sai mu yi kuka mu ce an yi mana kuɗin goro. Kuskuren da aka yi a kaina lambar rajista ta warware shi cikin kwana biyu. Wanda ake yi wa ƙabila sukutum ba lambar da ke warware shi, kuma tarihin ƙasar nan ya nuna cewa yakan ci rayukan mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Mu da ake kira masu ilimi, in ba mu iya tsayawa mu duba lamba kafin mu yanke hukunci ba, ban san wanda zai iya ba.

Saura abu ɗaya, don kada a ce na sallami kowa daga kowane nauyi. Gaskiya ne ba na ɗaukar laifin takwarana, amma abin da na aikata yana iya shafar na bayana, ko da bai kamata ya shafe su ba, domin mutane ba su daina yin kuɗin goro ba. A ƙasar Jamus sunan Adolf sananne ne a da, bayan 1945 iyaye suka guje shi saboda mutum ɗaya. Sunan Abubakar bai gamu da wannan ba, har gobe ana raɗa shi a kowace unguwa, saboda mutanen kirkin da suka riƙe shi cikin shekara fiye da 1,400 sun rinjayi wanda ya nemi ɓata shi. Yawancinsu kuwa ba wanda ya rubuta tarihinsu. Manoma ne da maɗinka da malaman zaure irin kakana, waɗanda suka karɓi sunan da tsabta suka mayar da shi da tsabta. Suna kamar rijiyar unguwa yake, ba kai ka haƙa ba, kuma akwai masu sha bayanka.

Daga baya na haɗu da takwaran nawa. Ba garinmu ɗaya ba, ba sashenmu ɗaya ba, ba mu haɗa ko da dangin nesa ba. Da na ba shi labarin abin da ya jawo mini, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ka yafe ni, takwara, ban san abin zai taɓa wani ba." Na yafe masa, don na ga abin da ke kansa ya ishe shi.

A hutun da ya wuce matar yayana ta haihu, aka sa wa yaron Abubakar. Yayana ya ce sunan kakanmu ya mayar, amma tun da kakan ba ya nan, ni ne takwaran da yaron zai buɗe ido ya gani. Na lalube aljihuna na ɗalibi na sayo masa 'yar riga da hula, kamar yadda al'ada ta tanada. Da aka miƙo mini shi bayan wanzami ya gama aski, ban tuna da Imam ko Shekau ba, abin da ya faɗo mini shi ne wata rana za a nuna masa ni a ce ga mai sunanka. Allah ya raya shi, ya sa ranar da za a nuna masa ni kada ya sunkuyar da kai, ya kuma ba mu ikon riƙe sunayen da iyayenmu suka ba mu amana, amin.